Me Likita Ke Nufi Idan Ya Ce A Rage Damuwa?

Idan likita ya auna jinin mutum ya ce masa ya rage damuwa, ba ɓacin rai kaɗai yake nufi ba. Abin da ke ransa shi ne wanda 'yan boko ke kira sitires, wato halin da jiki ke shiga idan nauyin da ke kan mutum ya fi ƙarfinsa, ko bashi ne, ko jinyar mahaifi, ko zaman ɗar-ɗar a garin da ba tsaro. A gida cewa ake yi tunani ya yi masa yawa, ko abin duniya ya ishe shi. Wannan ya bambanta da ciwon damuwa, wanda cuta ce mai buƙatar magani na musamman, ko da yake na farkon idan ya daɗe yana iya kai mutum ga na biyun.

Wanda ya yaɗa kalmar sitires a tsakanin likitoci shi ne Hans Selye, wani masani da ya yi aiki a Kanada, wanda a 1936 ya bayyana cewa ɓerayen gwaji da aka wahalar da sanyi ko rauni ko gajiya duk martani iri ɗaya jikinsu ke mayarwa. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu, kuma da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari sai ta umarce shi ya zuba sinadaran adirinalin da kotizol cikin jini. Nan take zuciya za ta ƙara bugu, hanta ta saki sukari, narkewar abinci ta lafa. Faɗuwar gaban da muka sani ke nan, kuma rahama ce ga wanda ya ci karo da maciji, domin ita ke ba shi ƙarfin tsira. Amma mai bin bashi ba ya shigewa rami kamar maciji, yana nan yau yana nan gobe, saboda haka jiki sai ya yi watanni cikin shirin gudun da ba a yi ba.

A nan ne ɓarnar take. Jini yakan hau, sukarin mai ciwon suga ya ƙi daidaita, garkuwar jiki ta raunana, barci ya ƙaurace, kai da wuya su riƙe. Har abin da Hausawa ke kira haɗiyar zuciya yana da makamancinsa a asibiti, domin a 1990 likitocin Japan sun bayyana wani yanayi mai suna takotsubo, inda mummunan labari, kamar rasuwar miji ko ɗa, ke raunana tsokar zuciya farat ɗaya. Ya fi kama mata masu shekaru, kuma akasarinsu suna warkewa idan aka kai su asibiti. Gyambon ciki kuwa an daɗe ana ɗora wa tunani laifinsa fiye da kima, alhali yawancinsa daga wata ƙwayar cuta ne ko yawan shan maganin ciwon jiki, damuwa tana dai tsananta shi.

Hanyoyin sauƙaƙa ta ba masu tsada ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wanda tafiyar rabin awa da sauri sau biyar ta cika shi. Babba yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye, kuma goro da shayi mai kauri da latsa waya cikin dare suna hana shi. Natsuwa a salla da zikiri da jan numfashi a hankali suna saukar da bugun zuciya. Abin da na fi so a kula da shi kuwa shi ne zurfin ciki, musamman ga magidanta, waɗanda ke ganin faɗar matsala ga amini ko ɗan'uwa gazawa ce ko rashin tawakkali. Ba haka ba ne, kuma duk wanda ya ce wa mai kuka ya yi haƙuri kawai ba tare da ya saurare shi ba ya rufe masa ƙofar da ya fi buƙata.

Hawan jini ba ya sallama, don haka wanda ke cikin matsi ya riƙa zuwa awo, idan kuma lambar tana kai 140 bisa 90 a kai a kai to maganar ta koma hannun likita. Haka nan ciwon ƙirji, ko baƙin ciki da ya wuce mako biyu bai sassauta ba, ko tunanin cutar da kai, ba abin jira ba ne, kuma tiramadol ko kodin ba abin da za su ƙara sai ciwo na biyu a kan na farko.