Ƙaunar Allah da kiyaye umarninsa: abin da Kirista yake nufi

A majami'un ECWA na Billiri da Kaltungo, ko na COCIN a Bogoro da Tafawa Ɓalewa, da wuya a tashi sujadar Lahadi ba a ambaci "ƙaunar Allah" ba. Tana cikin waƙoƙin Zumuntar Mata, tana cikin wa'azi, da ita kuma fasto yake sa albarkar sallama: alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu, da ƙaunar Allah, da zumuntar Ruhu Mai Tsarki. Fuska biyu gare ta. Akwai ƙaunar da Allah yake yi wa mutum, akwai wadda mutum yake yi wa Allah. Ta farko ba ta cika jawo musu ba. A kan ta biyun ake kai ruwa rana, domin Yesu bai bar ta ita kaɗai ba, ya ɗaure ta da biyayya.

Wurin da aka fi ambata shi ne Yohanna 14:15, inda ya ce wa almajiransa in suna ƙaunarsa za su kiyaye umarninsa. A daren da za a kama shi ya faɗi haka, bayan ya wanke musu ƙafafu, Yahuza, wanda zai bashe shi, kuma ya riga ya fice. Maganar ban kwana ce, kuma bai faɗe ta sau ɗaya ya wuce ba, ya maimaita ta a aya 21 da 23. Wasiƙar Yohanna ta fari (5:3) ma ba ta tsaya kwana-kwana ba: ƙaunar Allah ita ce mu kiyaye umarninsa, umarninsa kuwa ba su da nauyi.

Mai karatu da gaggawa zai ɗauka ciniki ne: ka bi doka, Allah ya ƙaunace ka. Littafi Mai Tsarki bai jera su haka ba, kuma a wurin jerin nan ne maganar duka take. Dubi Dokoki Goma a Fitowa 20. Kafin a ce "kada ka" ko sau ɗaya, Allah ya fara gabatar da kansa a matsayin wanda ya fisshe Isra'ilawa daga ƙasar Masar, daga gidan bauta. Sun riga sun haye teku, Fir'auna na bayansu, sannan doka ta zo a Dutsen Sina'i. Ba a ce su yi shekara suna biyayya a gani ko sun cancanci a 'yanta su ba. Haka Yohanna ya ce muna ƙauna domin shi ne ya fara ƙaunarmu, Bulus kuma ya rubuta wa Romawa cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Masu tsara Katikisim na Heidelberg, littafin koyar da bangaskiya ta tambaya da amsa, a Jamus a 1563 sun gane wannan, shi ya sa da suka kasa littafinsu kashi uku, wato halin ƙunci na ɗan adam, da ceto, da godiya, sai suka ajiye bayanin Dokoki Goma a kashin godiya.

A gonar wake a Balanga za ka iya tarar da mutum biyu suna noma kunya ɗaya, ɗaya ɗan ƙwadago, ɗaya ɗan mai gonar. Daga nesa fartanyarsu iri ɗaya take sauka. Amma ɗan ƙwadago idonsa na kan rana da kuɗin da aka yi jinga, in ya kai iyakar da aka yanka masa ya gama. Ɗan gida kuwa in ya hango awaki sun shiga ta gefen da ba nasa ba, ba ya jira a sa shi. Biyayyar da Sabon Alkawari yake nema irin ta ɗan gida ce. Abin tausayi a misalin ɗa ɓatacce (Luka 15) shi ne wan, wanda bai je ko'ina ba. Ya ce wa ubansa shekara da shekaru yana bauta masa, bai taɓa ƙetare umarninsa ba, amma ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ba. Bai yi ƙarya ba. Sai dai yana cikin gidan ubansa da zuciyar ɗan ƙwadago, kuma shi ne ya ƙi shiga biki.

Ɗaya ɓangaren kuma ana jinsa a bakin matasa, musamman in dattawan ikkilisiya sun kira mutum a kan wani laifi: "Baba, ai zamanin alheri muke, ba ma ƙarƙashin Shari'ar Musa. Allah zuciya yake dubawa." Akwai gaskiya a ciki. Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Matsalar ita ce ana rufe littafin kafin aya 10, wadda ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Wasiƙar Yakubu ta ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. Zancen zuciya kuma, labarin zuciya a tambayi fuska. Akan jingina da maganar Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, cewa ka yi ƙauna sannan ka yi abin da ka ga dama. Ya faɗa, amma yana wa'azi ne a kan wasiƙar Yohanna ta fari, nufinsa kuwa in ƙauna ce tushe, ko shirunka ko tsawatawarka daga gare ta za su fito. Bai ba kowa lasisin sheƙe aya ba.

Yadda alheri da ayyuka suke haɗuwa shi ne ya raba ikkilisiyar Turai bayan Martin Luther, malamin addini a Jamus, ya ta da maganar a 1517, Katolika kuma suka ba da tasu amsar a taron Trent (1545 zuwa 1563). Har yau akwai bambanci, ko da yake a 1999 Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya sun sa hannu kan matsaya ɗaya a Augsburg, cewa ceto na alheri ne, Ruhu kuma shi ke kiran mutum ya kuma shirya shi ga kyawawan ayyuka. Babu ɗarikar kirki da ta taɓa koyar da cewa mai ƙaunar Allah ya zauna yadda ya ga dama.

To, waɗanne umarnai ake nufi? Malaman Yahudawa sun ƙidaya dokoki 613 a cikin Attaura. Kiristoci ba su ɗauke su duka ba, tun taron Urushalima da ke Ayyukan Manzanni 15 aka yanke cewa ba za a ɗora wa masu bi waɗanda ba Yahudawa ba kaciya da sauran nauyin Shari'ar Musa ba. Da wani masanin Attaura ya tambayi Yesu wace doka ce mafi girma (Matiyu 22:36-40), sai ya ɗauko biyu: ka ƙaunaci Ubangiji Allahnka da dukan zuciyarka, daga Maimaitawar Shari'a 6:5, ka kuma ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, daga Littafin Firistoci 19:18. Ya ce a kan waɗannan biyu dukan Attaura da annabawa suke rataye. Wato ƙaunar ma kanta umarni ce.

Ya kamata kowane ajin baftisma ya karanta Firistoci 19 daga farko har ƙarshe, domin a nan ake ganin abin da ƙaunar maƙwabci take nufi ranar Litinin. In ka yi girbi kada ka share gonar ƙarƙaf, ka bar kala domin matalauci da baƙo. Kuɗin ɗan ƙwadago kada ya kwana a hannunka. Kada ka zagi kurma, kada ka sa wa makaho abin tuntuɓe. Kada ka yi yawon tsegumi. Ma'auninka da mudunka su zama na gaskiya. Mai sayar da masara a Tudun Hatsi cikin Gombe, wanda ya bubbuga gindin mudunsa ya lotsa ciki, ko ya zuba mai kyau a bakin buhu ya ɓoye mai ƙwari a ƙasa, surar nan da shi take, ko da shi ne ke jan waƙa ranar Lahadi. Haka matar da ke riƙe albashin yarinyar aikinta wata uku da sunan tana tara mata. Yohanna ya ce wanda ya ce yana ƙaunar Allah alhali yana ƙin ɗan'uwansa maƙaryaci ne, domin wanda bai ƙaunaci ɗan'uwan da yake gani ba, ba zai iya ƙaunar Allah da bai gani ba.

A ganina nan ne muka fi rauni. Tun zuwan 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) ƙasar Tangale a 1917, alamun tuba da aka fi lura da su su ne waɗanda ido ke gani: barin tsafi, barin burukutu, zama da mace ɗaya. Ba laifi ba ne, a lokacin mutane sun biya tsada a kansu. Amma a hankali "doka" ta tsuke ta koma abubuwan da ake sa mutum a horo dominsu. Yarinya ta yi ciki ba aure, kowa ya san za a hana ta Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu. Wanda ya cinye gonar marayun ƙaninsa kuwa, in zakkarsa na shiga a kan kari, sau da yawa kujerarsa na nan a gaba. Yesu ya tsawata wa Farisiyawa, masu tsantsar bin Shari'ar Musa a cikin Yahudawa, a kan irin wannan (Matiyu 23:23): suna fitar da zakkar na'ana'a da sauran kayan ƙamshin miya, sun bar adalci da jinƙai da aminci. Bai ce su daina zakkar ba, ya ce su yi wannan ba tare da barin wancan ba.

Saura maganar nan ta cewa umarninsa ba su da nauyi, wadda duk mai gaskiya zai ɗan yi shiru a kanta. Amsar da Kiristoci ke bayarwa tana aya ta gaba da Yohanna 14:15, inda Yesu ya yi alkawarin Mai Taimako, wato Ruhu Mai Tsarki. Ba a bar mutum da ƙarfin kansa ba, ba a kuma ce ba zai faɗi ba. Almajirinsa Bitrus yana wurin da aka yi maganar, a daren nan kuma ya yi musun sanin Yesu sau uku. Da suka haɗu a bakin tekun Galili bayan tashin Yesu daga matattu, tambayar da aka yi masa sau uku ita ce ko yana ƙaunarsa, kowace amsa kuma aka bi ta da aiki: ka yi kiwon tumakina.

Umarnin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya a Bauchi da Gombe shi ne na Matiyu 5:44, ku ƙaunaci maƙiyanku, ku yi wa masu tsananta muku addu'a. Wanda ya san abin da Tafawa Ɓalewa ta sha tun rikicin 1991 ba zai faɗi wannan da sauƙin baki ba, akwai gidajen da har yau ba su gama makoki ba, a kowane ɓangare. Amma umarnin na nan, ba a sa masa sharaɗi ba. Da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabci, Basamariye ya kawo a misali, mutumin wata kabila da wata hanyar sujada, wanda masu sauraronsa ba sa ga maciji da shi. Ayar maƙwabcin ma, Firistoci 19:18, rabinta na ƙarshe muka haddace. Rabin farko cewa ya yi kada ka ɗauki fansa, kada kuma ka riƙe mutum a zuciya.