Ron Paul

Ronald Ernest Paul, wanda aka fi sani da Ron Paul, likita ne, tsohon hafsan sojan sama, kuma tsohon ɗan Majalisar Wakilan Amurka daga jihar Texas. An haife shi ranar 20 ga Agusta, 1935. Ya zauna a majalisa a lokuta uku mabambanta tsakanin 1976 da 2013, ya kuma nemi shugabancin ƙasa sau uku: a 1988 ƙarƙashin jam'iyyar Libertarian, sai 2008 da 2012 a zaɓen fidda gwani na Republican. Sunansa ya yi fice ne a kan adawa da yaƙe-yaƙen Amurka a ƙasashen waje da kuma faɗaɗar ikon gwamnatin tarayya, abubuwa biyu da shi a wurinsa matsala ɗaya ce.

Tasowa da karatu

An haife shi a Pittsburgh, jihar Pennsylvania, mahaifinsa kuwa yana da ƙaramin kamfanin madara. Ya yi digiri a ilimin halittu a Kwalejin Gettysburg a 1957, shekarar da ya auri Carol Wells, sannan ya gama karatun likita a Jami'ar Duke a 1961. 'Ya'yansu biyar, cikinsu har da Rand Paul, sanatan Kentucky tun 2011.

Aikin soja

Paul bai shiga soja don sha'awa ba. Bisa labarin da ya sha bayarwa, takardar kira ta same shi ne wajen ƙarshen 1962, lokacin rikicin makamai masu linzami na Kuba, yana tsakiyar samun horo a asibiti. A wancan zamani doka ta ba gwamnati damar ɗibar matasa zuwa soja ko suna so ko ba sa so, likitoci ma ba su tsira ba. Ya zaɓi rundunar sojin sama, inda ya zama likitan matuƙa jirage daga 1963 zuwa 1965, da zama a sansanin Kelly da ke San Antonio, ya kai muƙamin kyaftin. Daga 1965 zuwa 1968 ya ci gaba a rundunar ko-ta-kwana ta sojin sama.

Bai taɓa zuwa fagen daga ba. Amma aikin ya kai shi ƙasashe da dama inda Amurka ke da sojoji ko ƙawaye, irin su Turkiyya, Iran, Pakistan da Habasha, kuma shekarun sun zo daidai da lokacin da yaƙin Biyetnam ke ƙara ruruwa. Daga cikin ayyukansa akwai duba lafiyar samarin da ke neman zama matuƙa jirage masu saukar ungulu. Daga baya ya ce yakan tuna da su, yana tambayar kansa nawa ne cikin waɗanda ya sa wa hannu ba su dawo gida ba. A majalisa ya gabatar da ƙudirori na soke rajistar shiga soja ta tilas, wadda yake kira bauta, domin a ganinsa gwamnatin da za ta iya ɗaukar ɗan mutum ta kai shi yaƙi ba da yardarsa ba ta ɗauki kanta mai mallakar ransa.

Likitanci da shiga siyasa

A 1968 ya koma gundumar Brazoria a Texas ya buɗe asibitin mata da haihuwa. An ce ya karɓi haihuwa fiye da 4,000. Ya ƙi karɓar kuɗin shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnati, marasa hali kuma yakan rage musu ko ya yafe.

Tun yana ɗalibi yake karanta masana tattalin arziki na mazhabar Ostiriya, Ludwig von Mises da Friedrich Hayek, daga baya kuma ya yi abota da Murray Rothbard. Ranar 15 ga Agusta, 1971, Shugaba Richard Nixon ya yanke alaƙar da ta rage tsakanin dala da zinariya, kuma Paul ya ce wannan rana ce ta tura shi siyasa. Ya faɗi zaɓen 1974, ya ci na cike gurbi a Afrilun 1976, ya sake rasa kujerar a Nuwamba da tazarar ƙuri'u ƙasa da 300, ya ƙwato ta a 1978. Yana cikin 'yan majalisa ƙalilan da suka mara wa Ronald Reagan baya tun 1976, amma giɓin kasafin kuɗi na zamanin Reagan ya sa ya fice daga Republican a 1987. A takarar 1988 ya zo na uku da ƙuri'u kimanin 432,000. Ya koma majalisa a 1997 a matsayin ɗan Republican, bai sake barinta ba sai 2013.

Abokan aikinsa sun laƙaba masa "Dakta A'a", saboda duk ƙudirin da bai ga madogararsa a kundin tsarin mulki ba, ƙi yake yi, ko da kuwa shi kaɗai ne. Ya ƙi shiga tsarin fanshon 'yan majalisa. Cikin ƙudirori fiye da 600 da ya gabatar, ɗaya tak ya zama doka, shi ma na sayar da wani tsohon ginin kwastan ne a Galveston.

Hujjarsa a kan yaƙi

Madogararsa ta farko doka ce. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ba majalisa ikon ayyana yaƙi, ba shugaban ƙasa ba, kuma rabon da majalisar ta yi hakan a hukumance tun Yunin 1942, a kan Bulgeriya, Hungari da Romaniya. Yaƙin Koriya, na Biyetnam da na Iraƙi duk an yi su ne ba tare da irin wannan ayyanawa ba. Paul na ganin 'yan majalisa da gangan suke sakar wa shugaba wannan iko, don in yaƙi ya yi kyau su ce da su aka yi, in ya ɓaci su zame.

Ta biyu ita ce ta kuɗi, kuma a nan ne ya fi bambanta da masu adawa da yaƙi na ɓangaren 'yan sauyi. A cewarsa, da gwamnati za ta nemi kuɗin yaƙi ta hanyar ƙara haraji a fili, da jama'a sun tsayar da shi da wuri. Abin da ke ba ta damar jan yaƙi shekaru shi ne bashi, da kuma Babban Bankin Amurka, wanda aka kafa a 1913, da ke ƙirƙiro kuɗi ya sayi takardun bashin. Talaka ya biya daga baya ta hanyar tsadar kaya, ba tare da ya san yaƙi yake biya wa ba. Shi ya sa kiransa na a rushe babban bankin da kiransa na a dawo da sojoji gida kusan koyaushe a jawabi ɗaya suke zuwa. Ƙudirinsa na a binciki asusun bankin ya samu amincewar Majalisar Wakilai a Yulin 2012 da ƙuri'u 327 da 98, amma ya maƙale a Majalisar Dattawa.

Ta uku: yaƙi a waje yana cin 'yanci a gida. Kowane yaƙi yakan zo da dokokin sa ido, tsare mutane da sababbin hukumomi, kuma idan an gama ba a cika soke su ba.

Paul ya ƙi yarda a kira shi mai son Amurka ta rufe ƙofarta. Yana goyon bayan ciniki, tafiye-tafiye da tattaunawa da kowace ƙasa, har da Kuba da Iran, yana kuma ɗaukar takunkumin tattalin arziki a matsayin yaƙi. Agajin gwamnati ga ƙasashen waje ma bai yarda da shi ba, ko ga Masar ko ga Isra'ila. Yakan ce karɓe kuɗin talakawan ƙasa mai arziki ne a miƙa wa masu arzikin ƙasa matalauciya. Yana danganta matsayinsa da jawabin ban kwana na George Washington na 1796, da gargaɗin Thomas Jefferson na 1801 kan ƙawancen da ke ɗaure ƙasa, da kuma Sanata Robert Taft na Ohio.

Ƙuri'un bayan 11 ga Satumba

Tun 1998 ya ƙi dokar da ta mayar da kifar da Saddam Hussein manufar Amurka. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da izinin amfani da ƙarfin soja a kan waɗanda suka kai harin. 'Yar majalisa Barbara Lee ce kaɗai ta ƙi a zauren. Daga baya ya soki yadda aka shimfiɗa wannan izini ya zama madogarar hare-hare a ƙasashe da yawa. A Oktoban shekarar ya kawo shawarar a yi amfani da wani tsohon sashe na kundin tsarin mulki da ke ba majalisa damar ba wa masu zaman kansu izinin farautar takamaiman mutane, maimakon mamaye ƙasa ɗungurungum. Ba a saurare shi ba. Yana cikin 'yan Republican uku da suka ƙi dokar Patriot, wadda ta faɗaɗa ikon leƙen asiri a cikin gida, kuma ta wuce da ƙuri'u 357 da 66.

A Oktoban 2002, da aka zo batun Iraƙi, ya gabatar wa kwamitin hulɗa da ƙasashen waje buƙatar a ayyana yaƙi a hukumance, tare da bayyana cewa shi kansa zai ƙi ta. So yake kowane ɗan majalisa ya ɗauki nauyin abin da sunansa. Shugaban kwamitin, Henry Hyde, ya amsa masa cewa akwai abubuwa a kundin tsarin mulki da zamani ya wuce su. Izinin yaƙin ya wuce da ƙuri'u 296 da 133, kuma Paul na cikin 'yan Republican shida da suka ce a'a.

Takarar 2008 da 2012

Ranar 15 ga Mayu, 2007, a muhawarar 'yan takara a Columbia, jihar Carolina ta Kudu, Paul ya ce masu kai wa Amurka hari suna yi ne saboda tana can ƙasashensu, ya ambaci shekarun da aka ɗauka ana ruwan bama-bamai a Iraƙi, da juyin mulkin da hukumar CIA ta taimaka aka yi wa firaministan Iran Mohammad Mosaddegh a 1953. A taƙaice, ƙaiƙayi ne ke komawa kan masheƙiya. Abokin takararsa Rudy Giuliani, magajin garin New York lokacin harin 11 ga Satumba, ya katse shi ya nemi ya janye maganar, zauren ya ɗauki tafi. Paul bai janye ba. Da yawa sun zaci takararsa ta ƙare a daren, sai ga shi faifan muhawarar ne ya tara masa matasa a intanet. Magoya bayansa sun haɗa masa fiye da dala miliyan 4 a rana ɗaya, 5 ga Nuwamba, 2007, sannan kimanin miliyan 6 ranar 16 ga Disamba.

Wani abin da ya ɗaure wa jam'iyyarsa kai shi ne alƙaluman hukumar zaɓe, da suka nuna cewa a takarar 2012 ya fi sauran 'yan takarar Republican samun gudummawa daga masu bayyana kansu a matsayin sojoji. Kuɗin ba su da yawa idan aka gwada da abin da ake kashewa a takarar shugaban ƙasa, kuma ba su nuna ra'ayin yawancin sojoji ba, amma sun raunana zargin cewa maganarsa cin fuska ce ga masu kaki. Ranar 20 ga Fabrairu, 2012, ɗaruruwan tsofaffin sojoji da masu ci suka yi maci zuwa Fadar White House, suka juya mata baya don nuna goyon bayansu gare shi. A wata muhawara a New Hampshire ya yi wa abokin takararsa Newt Gingrich gorin rashin zuwa soja, ya ce shi da aka kira shi yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma ya tafi. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi masa ihu a Carolina ta Kudu don ya ce kada Amurka ta yi wa wasu ƙasashe abin da ba ta so a yi mata. Ya zo na uku a Iowa, na biyu a New Hampshire.

Libiya da Sahel

A Yunin 2011 yana cikin 'yan majalisa goma, tare da Dennis Kucinich na Democrat da Walter Jones na Republican, da suka kai gwamnatin Barack Obama kotu kan hare-haren Libiya ba da izinin majalisa ba. Kotu ta kori ƙarar a Oktoba. A shekarar ya kuma soki kashe Anwar al-Awlaki, ɗan ƙasar Amurka, da jirgi maras matuƙi a Yaman ba tare da shari'a ba.

Makaman da suka bazu bayan faɗuwar Gaddafi sun ƙara rura rikicin arewacin Mali, kuma Amurka ta girke sojoji a Nijar, ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas. Da aka kashe sojojinta huɗu tare da na Nijar a Tongo Tongo ranar 4 ga Oktoba, 2017, Sanata Lindsey Graham ya fito ya ce bai san Amurka na da sojoji kusan 1,000 a Nijar ba. A Oktoban 2023 ɗansa Rand Paul ya tilasta ƙuri'a a Majalisar Dattawa kan janye su, ya sha kaye da 11 da 86. Gwamnatin sojan Nijar ce ta soke yarjejeniyar zaman sojojin Amurka a ƙasar a Maris 2024, aka gama kwashe sojojin a Satumba.

Suka

Masu sukarsa na cewa janyewar Amurka za ta bar ƙawayenta a hannun Rasha da Sin, kuma bayaninsa kan ta'addanci ya raina rawar da aƙida ke takawa. Yawancin masana tattalin arziki ba su yarda da komawa ma'aunin zinariya ba. Wasu wasiƙun labarai da suka fita da sunansa a shekarun 1980 da 1990 na ɗauke da kalaman wariyar launin fata. Ya ce ba shi ya rubuta su ba, ya kuma nesanta kansa da su. An soke shi kan adawa da sashen dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964 da ya shafi masu kasuwanci masu zaman kansu, da kuma yadda yake saka ayyukan mazaɓarsa a kasafin kuɗi sannan ya ƙi kasafin.

Bayan majalisa

Ya yi jawabin ban kwana ranar 14 ga Nuwamba, 2012. A 2013 ya kafa cibiyar nazarin manufofin waje mai ɗauke da sunansa, kuma tun 2015 yake gabatar da shiri a intanet tare da Daniel McAdams. A zaɓen 2016 wani daga cikin wakilan jihohi da ke kaɗa ƙuri'ar ƙarshe ta zaɓen shugaban ƙasa, daga Texas, ya ba shi ƙuri'arsa, ko da yake bai tsaya takara ba.