Waiwaye: Yadda tallafin karatu ya koma bashi a Najeriya

Ranar 24 ga Mayun 2024 aka buɗe shafin intanet na asusun ba ɗalibai lamuni, wato NELFUND, ɗaliban manyan makarantun tarayya suka fara tururuwar cike fom. Da yawansu sun ɗauka sabon abu ne. Alhali wannan ne karo na uku da gwamnatin tarayya ta gwada ba ɗalibai bashi, kuma biyun farko ba su kai labari ba.

Iyayenmu da suka yi jami'a a shekarun 1970 ba su san wannan fafutuka ba. Jihohi na da hukumomin sikolashif da suka gada daga gwamnatin Jihar Arewa, wadda ta riƙa ɗaukar nauyin 'ya'yanta don cike guraben aiki. Ɗalibi na karɓar alawus, ga ɗakin kwana, ga tikitin abinci da zai miƙa a ɗakin cin abinci a zubo masa. Kuɗin mai na shigowa, ɗaliban ba su da yawa, har gwamnatin soja ta Obasanjo ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya. Shi ya sa a 1978, da aka ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin yini, ƙasa ta ɗauki zafi. Zanga-zangar da aka yi wa laƙabi da "Ali Must Go", saboda kwamishinan ilimi na lokacin Kanar Ahmadu Ali, ta ci rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Gwamnatocin da suka biyo baya sun ɗauki darasi, amma ba irin wanda ɗalibai suka so ba. Sun daina ambaton kuɗin makaranta, suka koma cewa kuɗin rajista, kuɗin ɗakin karatu, kuɗin asibiti. Ciyarwa kuma ta tafi a tsakiyar shekarun 1980, sannan shirin tsuke bakin aljihu na zamanin Babangida, wato SAP, ya ƙarasa sauran.

Shi kuwa bashi tun 1972 aka fara shi, zamanin Gowon, da aka kafa hukumar ba ɗalibai rance. An ba da kuɗin, karɓowa ce ta gagara. Babu lambar shaida, babu hanyar bin sawun wanda ya gama ya kama aiki a wata jiha, kuma da yawa cikin waɗanda suka ci sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa. A 1993 gwamnatin Babangida ta maye gurbinta da Bankin Ilimi, wanda bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. Abin da ya rayu daga wannan shekara shi ne harajin ilimi da aka ɗora kan ribar kamfanoni, wanda asusunsa ya zama TETFund, mai tallafa wa manyan makarantu, a 2011. Sai dai shi gine-gine yake yi da horar da malamai, ba ya biya wa ɗalibi rajista.

Kusan shekara 30 aka yi ba bashi, kyautar kuma sai mai rabo. Akwai gurbin karatu na tarayya da na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, an kuma yi yarjejeniyar tura ɗalibai ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya, inda aka sha jin kukansu na rashin alawus wata da watanni. A jihohi kuwa abin ya danganta da wanda ke kan kujera: Kano ta tura ɗaruruwa ƙasashen waje zamanin Kwankwaso, wasu jihohin kuma ɗalibi ya gama karatu bai ga sisin tallafinsa ba.

Femi Gbajabiamila, ɗan majalisar wakilai a lokacin, shi ne ya kai ƙudurin bashin ɗalibai gaban majalisa tun 2016, ya yi ta jan ƙafa har Tinubu ya sa masa hannu ranar 12 ga Yunin 2023, makonni biyu da cire tallafin man fetur. Wannan daidaituwar lokaci ba ƙaramin abu ba ce. A watannin nan ne jami'o'in tarayya, daga Legas zuwa Kano da Maiduguri, suka ninka kuɗin rajista, har gwamnatin Kano ta biya wa dubban 'yan jihar da ke Jami'ar Bayero.

Dokar farko kamar an rubuta ta ne don kada talaka ya samu. Sai kuɗin shigar gidanku bai kai naira 500,000 a shekara ba, sannan ka kawo mutum biyu su tsaya maka, irin ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 zuwa sama ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki. Ɗan manomin da ke ƙauye, wanda gidansu ba su ga rabin miliyan a shekara, ina zai samo babban ma'aikaci ya sa masa hannu? Ko kwabo ba a bayar ba a ƙarƙashinta. Aka soke ta, aka sa hannu kan sabuwa ranar 3 ga Afrilun 2024, wadda ta cire sharuɗɗan biyu, aka kuma naɗa Akintunde Sawyerr ya jagoranci asusun.

Tsarin yanzu mai sauƙi ne a takarda. Ɗalibi ya shigar da lambar JAMB da NIN da BVN, makaranta ta tabbatar nata ne, a tura kuɗin rajista kai tsaye asusunta. Wanda ya nemi na kashewa kuma naira 20,000 ke shigo masa a wata, abin da ba ya wuce cefane da kuɗin mota. Babu kuɗin ruwa, kuma wannan ne ya kwantar da hankalin iyaye da yawa a Arewa masu gudun riba. Jami'o'in Maiduguri da Bayero na cikin waɗanda ɗalibansu suka fi nema. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU dai tun farko ta ce kyauta ya kamata a bayar, don bashin zai zama hujjar ƙara kuɗin makaranta, kuma ba a rasa gaskiya a maganarta ba: shugaban jami'ar da ya san asusu ne zai biya ba zai ji nauyin ƙari ba. A 2025 ma an yi ta zargin wasu makarantu da karɓar kuɗin ba tare da sanar da ɗaliban da suka riga suka biya da aljihunsu ba, har hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shiga bincike.

Biya yana farawa ne shekara biyu bayan bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ke nan sai wajajen 2028 rukunin farko za su shiga layi. NIN da BVN za su nuna inda mutum yake, abin da hukumar 1972 ba ta samu ba. Amma da yawa cikin masu digiri a yau ba su da albashin da za a cira, suna kasuwa ne ko sana'ar hannu, kuma doka ta bar wa mai zaman kansa ya riƙa kai nasa kason da hannunsa.