Waiwaye: Yadda Baƙar Fata Ya Koma Ɗan Rakiya a Finafinan 'Yan Sandan Amurka

Tun bayan da wani ɗan sanda farar fata ya kashe George Floyd, baƙar fata, a birnin Minneapolis a watan Mayun 2020, Amurkawa ke ta muhawara kan hoton da finafinai ke bayarwa game da 'yan sanda. Muhawarar ta biyo ta kan tsofaffin finafinan nan da ake haɗa jami'ai biyu, baƙi da fari, su fara da zaman doya da manja, su ƙare da aminci. Wasu na yaba musu saboda sun fito da baƙaƙen jarumai, wasu kuwa na ganin sun lulluɓe wariyar launin fata da barkwanci da harbe-harbe.

Kusan kowa ya san mafarin salon: The Defiant Ones na 1958, inda aka ɗaure Sidney Poitier da Tony Curtis da sarƙa ɗaya a matsayin fursunoni, sai In the Heat of the Night na 1967, inda Poitier ya fito a matsayin ɗan sandan bincike da ya rama marin da wani farar fata mai dukiya ya yi masa.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, a 1970 an riga an gwada wata hanya dabam. A shekarar ne Ossie Davis, wanda shi kansa baƙar fata ne, ya ba da umarni a fim ɗin Cotton Comes to Harlem, wanda aka ɗauko daga littafin Chester Himes. 'Yan sandan biyu duk baƙaƙe ne, suna bin sawun dala 87,000 da wani mai wa'azin bogi ya karɓa daga talakawan Harlem, unguwar baƙaƙen fata a birnin New York, da sunan zai mayar da su Afirka, kuɗin kuma suka ƙare a cikin ƙunshin auduga. A titunan Harlem aka ɗauki fim ɗin, cikin mutanen da jami'an suka tashi tare da su, waɗanda suke kallonsu a matsayin 'yan gida kuma ma'aikatan hukuma a lokaci guda. Fim ɗin ya samu kasuwa har aka yi masa ci gaba a 1972.

Wannan ƙofa ba ta daɗe a buɗe ba. Zuwa tsakiyar shekarun 1970, kasuwa ta nuna cewa baƙaƙen masu kallo suna tururuwa zuwa manyan finafinai irin su The Godfather da The Exorcist ko da ba a yi su domin su ba, saboda haka jarin da ake zubawa a labaran unguwannin baƙaƙe ya ƙafe. A ganina, nan ne tushen matsalar yake, domin da baƙin jarumi ya dawo a 48 Hrs. na 1982, ya dawo ne shi kaɗai, ba dangi ba unguwa, kuma jarumin, Eddie Murphy, ya fito ne a matsayin fursunan da aka aro daga gidan yari domin ya taimaki farin ɗan sanda.

Lethal Weapon na 1987 ya ɗan gyara, tunda baƙin jarumin, Danny Glover, ya fito a matsayin magidanci mai mata da 'ya'ya, amma ciwon zuciyar da labarin ya fi bi na abokin aikinsa farar fata ne. Ko da Bad Boys ya sake haɗa baƙaƙen jami'ai biyu a 1995, shekara 25 ta wuce da fim ɗin Davis, kuma Miami, birnin da aka nuna a fim ɗin, ta motocin alfarma ce, talakawan unguwa irin na Harlem ba su da gurbi a cikinta.