'Yan kunne masu siffar gicciye da duwatsun ado

'Yan kunne masu siffar gicciye kayan ado ne da ake ƙerawa da gwal ko azurfa ko wani ƙarfe, a jera duwatsu a kan sandar tsaye da ta kwance. A birnin Kano galibin masu sayensu Kiristoci ne, musamman mazauna Sabon Gari, unguwar da aka kafa wajen 1913 bayan isowar layin dogo. Abin da ya raba su da sauran 'yan kunne shi ne hannuwa huɗu da suka miƙo waje. Kowane hannu yana iya sarƙe zaren gyale ko leshi, kuma dutsen da ke bakin hannun shi ya fi shan bugu. Saboda haka ake fara duba yadda aka riƙe dutsen kafin a tambayi irinsa, domin dutse mai tsada a riƙo marar ƙarfi ba ya daɗewa a kunne.

Tarihi

Gicciye bai zama alamar da Kiristoci ke nunawa a fili ba sai a ƙarni na 4, bayan dokar Milan ta shekarar 313 wadda ta ba su 'yancin ibada a daular Rum. Ba da jimawa ba aka fara yi masa ado da duwatsu. Akwai hoton irin wannan gicciye a bangon cocin Santa Fudenziyana da ke Rum, wanda ake jin an yi shi wajen shekarar 400, da wani a wata coci kusa da Rabenna ta Italiya wadda aka keɓe a 549. Daga cikin waɗanda suka kai zamaninmu akwai gicciyen da Sarki Jastin na Biyu na daular Rum ta Gabas (565 zuwa 578) ya aika Rum, da gicciyen Lotar da ke Ahen a Jamus, na wajen shekarar 1000. Maƙeran wancan lokaci ba sa yanka dutse fuska-fuska. Sukan goge shi ne ya yi santsi da doro, su kewaye shi da siririn gwal, kuma wannan riƙon shi ne har yau ya fi kowanne tsare dutse.

A Habasha, Sarki Zara Yakubu (1434 zuwa 1468) ya umarci Kiristocin ƙasarsa su riƙa rataya gicciye. Daga baya maƙeran ƙasar sun riƙa narka kuɗin azurfa na Mariya Teresa, sarauniyar Ostiriya, mai ɗauke da shekarar 1780, suna ƙera shi. Irin wannan kuɗi ya yi yawo a Borno da ƙasar Hausa. Heinrich Barth, matafiyi Bajamushe wanda ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa dala ɗaya ta azurfa tana daidai da wuri 2,500 a kasuwar birnin.

Siffar da Kanawa suka fi daɗewa da sani ita ce ta Agadas. Maƙeran Abzinawa ke yin ta da azurfa ta hanyar kakin zuma: a sassaƙa siffar da kaki, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, sannan a fasa yumɓun a yi zane da kurfi. Tun da yumɓun fashewa yake yi, babu biyu da suke fitowa daidai da juna, kuma mai sayen 'yan kunne irin wannan zai ga ɗan bambanci tsakanin na dama da na hagu. A yau ana lissafa siffofi 21 da aka danganta da garuruwa da yankunan Nijar, kodayake da alama tsara su a jeri ɗaya sabon abu ne na ƙarni na 20. Ta garin Ingal ce ke ɗauke da dutse, jan aƙiƙ ko jan gilashi mai kusurwa uku. Aƙiƙ irin wannan daga Kambe ta Indiya ake kawo shi a da, sai a ƙarni na 19 masu sassaƙar dutse na Idar-Obastain a Jamus suka karɓe cinikin. Ayarin Abzinawa masu gishiri sun saba sauka a Fagge, kuma har yanzu ana samun aikin azurfa irin nasu a Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499).

Sanya gicciye a kunne don ado kawai ya yaɗu ne a Amurka da Ingila a shekarun 1980, ta hanyar mawaƙa.

Siffa da girma

Gicciye mai doguwar ƙafa yawanci duwatsu 6 yake ɗauka: huɗu a tsaye, ɗaya a kowane gefen na biyu daga sama. Wanda ya fi shi tsawo yakan ɗauki 11. Mai hannuwa daidai yana ɗaukar 5. Da duwatsu masu faɗin milimita 2, gicciye mai 6 yakan kai tsawon milimita 9 zuwa 10 da faɗin wajen 7, girman da ke zama a fatar kunne ba tare da ya leƙo ƙasa ba.

Inda aka dasa tsinken baya, wanda ke shiga hujin kunne, shi ke sa gicciye ya tsaya daidai. Nauyin mai doguwar ƙafa yana ɗan ƙasa da mahaɗar sandunan, don haka tsinken ya kasance a mahaɗar ko sama da ita. Idan aka sauko da shi ƙasa, ɗan kunnen zai riƙa juyawa har ya kife. Mai hannuwa daidai kuma, in tsinkensa na tsakiya, karkacewa yake yi, sai dai a dasa shi a bayan hannun sama. Kaurin tsinke da aka saba shi ne wajen milimita 0.8, tsawonsa 10 zuwa 11. Mai lilo, wanda ke rataye da ƙugiya ko ƙaramin zobe, ya fi nuna walƙiyar dutse amma ya fi sarƙe mayafi, kuma idan ya yi nauyi yakan ja hujin kunne ya zama tsaga a hankali.

Duwatsu

Ana auna taurin dutse da ma'aunin da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. Daimon 10 ne. Yaƙutu, ja ko shuɗi, 9. Tofaz 8. Zumurrudu da akwamarin 7.5 zuwa 8, turmalin 7 zuwa 7.5, ganet 6.5 zuwa 7.5, ametis 7. Ƙasa da su akwai ofal mai 5.5 zuwa 6.5, gilashi mai wajen 5.5, murjani mai 3 zuwa 4, da lu'ulu'un cikin teku mai 2.5 zuwa 4.5.

Lamba 7 ita ce iyakar da ta shafi mazaunin Kano. Ƙurar hunturu da ke sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu cike take da ɓurɓushin ma'adinin yashi, wanda taurinsa 7 ne. Duk dutsen da bai kai haka ba, idan aka goge shi da busasshen ƙyalle alhali akwai ƙura a kansa, ƙurar ce za ta kankare fuskarsa. Haka gilashi da ofal suke dusashewa ko da ba su taɓa faɗuwa ba.

Tauri kuma ba shi ne jure bugu ba. Tofaz yana da layin tsagewa a jikinsa, bugu ɗaya a daidai wurin zai raba shi biyu. Zumurrudu kusan kullum yana da ƙananan tsagu a ciki, waɗanda ake cikewa da mai don kada su bayyana. Ruwan zafi da sabulu mai ƙarfi suna fitar da man. Ametis yana koɗewa idan ya daɗe a rana. Lu'ulu'u da murjani ba sa shiri da turare ko humra ko ruwan lemun tsami. Akwai kuma jan yaƙutu mai araha da ya cika kasuwannin duniya tun wajen 2004, wanda aka cike tsagunsa da gilashi mai dalma. Wutar maƙeri da ruwan asid suna lalata shi, don haka wajibi ne a faɗa wa mai gyara kafin ya taɓa.

Najeriya tana fitar da da yawa daga cikin waɗannan: shuɗin yaƙutu daga tsaunin Mambila a Taraba da kudancin Kaduna, zumurrudu da akwamarin daga yankin Gwantu da Nasarawa Eggon, tofaz daga tsaunin Jos, turmalin da ganet mai ruwan lemo daga jihar Oyo. Akasari ɗanyensu ake fitarwa, a yanka su a ƙasashen waje.

Farin dutsen da ke jikin yawancin gwal na kanti ba daimon ba ne, zirkoniya ce ta masana'anta, wadda aka fara sayarwa da yawa a 1976. Taurinta 8 zuwa 8.5, kuma ta fi daimon nauyi da kusan ninki 1.7. Moisanait, wanda ya shigo kasuwar ado a 1998, yana da tauri 9.25, kuma yana ruɗar na'urar gwajin daimon mai aiki da zafi. Daimon da aka haɗa a masana'anta kuwa daimon ne ta kowace fuska, farashi kawai ya bambanta, sai na'ura ta musamman ke rarrabe su. Ba aibu ba ne a sayi kowanne daga cikinsu, muddin an rubuta sunansa na gaskiya a rasit.

Nauyin dutse da karat ake faɗinsa, wato giram 0.2. Zagayayyen daimon mai milimita 2 yana kai wajen karat 0.03, mai milimita 3 wajen 0.10. Idan mai kanti ya ce rabin karat, a tambaya ko jimillar duwatsun kunnuwa biyu yake nufi, domin galibi haka ne.

Hanyoyin riƙe dutse

Riƙon farce shi ne ƙananan ƙafafun ƙarfe, yawanci huɗu, da ake lanƙwasawa a kan dutse. Ya fi barin haske ya shiga, ya fi sauƙin wankewa, shi ne kuma ya fi kama zare. A gicciye sau da yawa duwatsu biyu maƙwabta farce ɗaya suke rabawa, saboda haka karyewar ɗaya tana sakin dutse biyu. Ana gwada shi ta hanyar jan ɗan kunnen a kan guntun leshi. In ya kama, akwai farcen da ya ɗaga ko ba a goge kansa ba.

Riƙon ƙawanya shi ne a kewaye dutsen da siririn ƙarfe a danne bakinsa. Ba ya kama zare, yana kare gefen dutse, kuma shi ya dace da zumurrudu da ofal da aƙiƙ, da kuma duk mai yawan ɗaura ɗankwali ko yafa gyale. Yana ɗan rage walƙiya, yana cin ƙarfe fiye da farce. A duba ko an bar huda a bayan kowane dutse. In babu, sabulu da man shafawa za su taru a ƙarƙashi ba hanyar fitar da su.

Riƙon layi shi ne a jera duwatsu tsakanin bango biyu na ƙarfe ba komai a tsakaninsu. Ya yi daidai da miƙaƙƙun sandunan gicciye, samansa kuma santsi ne. Rauninsa yana mahaɗa, inda bangon ke yankewa, da kuma cewa bango ɗaya in ya buɗe duwatsu da yawa ke motsi lokaci guda.

Riƙon ɗaɓe na ƙananan duwatsu ne masu milimita 1 zuwa 1.5, kowanne ƙwayoyin ƙarfe 'yan mitsi-mitsi ke riƙe da shi. Faɗuwar ɗaya ko biyu a cikin shekaru abu ne da aka saba gani.

Na araha da gam ake liƙa su, wasu da farar takarda mai ƙyalli a bayan gilashin. Da ruwa ya shiga, ƙyallin ya tafi.

Ƙarfe

Hatimin 916 yana nufin gwal mai karat 22 (a gwal, karat ma'aunin tsabta ne, ba nauyi ba), 875 na 21 ne, 750 na 18, 585 na 14. Azurfa mai kyau tana ɗauke da 925. Masu sayen gwal a Kano, a Kasuwar Rimi ko ta Sabon Gari, sukan ɗauke shi kadara, don haka hankali ya fi karkata ga mai karat da yawa. Amma gwal mai karat 22 laushi gare shi, farcensa yana saurin buɗewa. Don riƙon farce da na ɗaɓe, 18 ya fi aminci; in dole sai 21 ko 22, a nemi ƙawanya.

Akwai kuma maganar awo. Sau da yawa ana auna gwal da duwatsunsa a biya duka a farashin giram, ranar sayarwa kuma mai saye ya cire nauyin dutse. Zirkoniya 12 masu milimita 3 suna kai wajen giram 0.4, wato kashi ɗaya cikin goma na 'yan kunne masu giram 4. Ya kamata rasit ya nuna nauyin gwal daban, na dutse daban.

Ƙaiƙayi da kumburi da ruwa a huji galibi daga nikel ne, wanda ke cikin kayan fashon da wasu fararen gwal. Tarayyar Turai ta taƙaita abin da tsinken kunne zai iya fitarwa zuwa ƙasa da maikrogiram 0.2 a kowace murabba'in santimita a mako. Tsinken ne ke cikin fata, shi ya kamata ya zama gwal mai karat 14 zuwa sama, ko taitaniyam. Ga yara, maɓallin baya mai murɗi ya fi na turawa.

Kulawa

A jiƙa a ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun ruwa na minti 10 zuwa 15, a goge ta baya da burushi mai laushi, a ɗauraye a cikin kwano, a shanya a kan ƙyalle. Lu'ulu'u da zumurrudu da na gam ba a jiƙa su, shafawa ake yi da jiƙaƙƙen ƙyalle. Toka da man goge baki suna kankare ƙarfe da duwatsu masu laushi, bilic kuma yana cin haɗin gwal har farce ya karye. A shafa mai a fesa turare kafin a sa 'yan kunne. Sau ɗaya a shekara a kai wa maƙerin fari ya duba farcen da gilashi mai ƙara girma ninki 10. A gida, a riƙe ɗan kunnen kusa da kunne a ƙwanƙwasa shi da yatsa; in an ji ƙara, akwai dutsen da ya saki.

Saɓani

Malaman Musulunci suna hana Musulmi sanya gicciye a matsayin alamar addini. Wasu ɗariƙun Kirista ma ba sa son kayan ado gaba ɗaya. Game da siffar Agadas, ba a daidaita kan asalinta ba: wasu suna danganta ta da Kiristocin arewacin Afirka na da, wasu da kusurwoyi huɗu na duniya, kuma Abzinawan da ke ƙera ta suke kuma sanya ta Musulmi ne.