Gold Rush: taswirar tudun zinariya a wasan Age of Empires II

Gold Rush ɗaya ce daga cikin taswirorin asali na Age of Empires II, wasan dabarun yaƙi na kwamfuta wanda kamfanin Ensemble Studios ya ƙera, Microsoft kuma ya fitar a shekarar 1999. Taswirar tana nan har yau a sabon zubin wasan, Definitive Edition, na 2019. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne wani babban tudu da ke tsakiyar fili, inda aka jibge mafi yawan zinariyar da ke ƙasar, kyarketai kuma suna zagaye da shi. Babu teku a cikinta, don haka duk faɗan a ƙasa ake yin sa.

Yanayin ƙasa

Kwamfuta ce ke zana taswirar sabuwa a duk lokacin da aka fara wasa, saboda haka daji da tumaki da duwatsu ba sa zama wuri ɗaya sau biyu. Tsarin ne dai ba ya canzawa: garuruwan 'yan wasa suna gefe-gefe, kusa da dazuzzukan da za su sari itace, tudun kuma yana tsakiya. Tsakanin gida da tudun fili ne fetal mai rairayi, babu maɓoya. Duk wanda ya fito da ma'aikatansa zai haura, ana iya tare shi a hanya.

Dokar tudu

Wasan yana da doka guda game da tudu, kuma a kanta taswirar nan ta ginu. Mayaƙin da ke sama, idan ya bugi na ƙasa, ɓarnar da zai yi tana ƙaruwa da kashi 25 cikin 100. Na ƙasa kuwa, idan ya bugi na sama, tasa tana raguwa da kashi 25 cikin 100. A ɗauki maharba biyu masu ƙarfi ɗaya, kibiyar kowannensu tana cire maki 4 daga lafiyar abokin gaba a fili. Da ɗaya ya hau tudu, tasa ta koma 5, ta abokin gabansa ta koma 3. A taron maharba talatin-talatin wannan tazara ta isa ta sa rundunar ƙasa ta ƙare alhali ta sama ba ta yi asarar kirki ba.

Dokar ba ta duba yawan tsayi. Taki ɗaya sama da abokin gaba daidai yake da taki biyar. Hawa ba ya rage wa soja gudu, kuma tudu ba ya ƙara wa kibiya nisa. Gine-gine ma suna cin moriyarta: hasumiya ko kagara da aka kafa a ƙololuwa tana harbi da ƙarin ƙarfi, kuma ta fi wuyar rushewa. Sababbin 'yan wasa sukan manta cewa tudun yana da hawa-hawa, har mutum ya ɗauka ya kama shi alhali yana gefensa ne, abokin gaba na bisa kansa.

Albarkatu

A wasa na yau da kullum yawancin al'ummomi (wato ƙabilun tarihi da ɗan wasa ke zaɓar ɗaya daga cikinsu) suna farawa da cibiyar gari, ma'aikata 3, mahayi ɗaya mai leƙen asiri, abinci 200, itace 200, dutse 200 da zinariya 100. Kusa da gida akwai tumaki, kowace tana ba da abinci 100, da aladun daji masu 340, da 'ya'yan itacen daji da ake tsinka. Kowane curin zinariya yana ɗauke da 800, na dutse kuma 350.

Zinariyar gida tana isar ɗan wasa ya tashi, amma ba ta kai shi ƙarshen dogon yaƙi. Lissafin a bayyane yake. A wasan ana ci gaba ne daga zamani zuwa zamani, ana biyan kuɗin shiga kowanne: shiga zamani na uku, wato Zamanin Kagara, yana cin zinariya 200, na huɗu, Zamanin Daula, yana cin 800. Barde mai sulke guda yana cin 75, maharbi 45, babbar majaujawa mai jifa da duwatsu don rusa gini 200. Curi ɗaya ke nan bai kai kuɗin barade goma sha ɗaya ba. Wanda ke fitar da barade daga bargar dawaki biyu ko uku ba tsayawa zai ga ma'adinansa na zagwanyewa tun yaƙi bai yi nisa ba.

Kyarketan da ke tudun ba sa ba da nama ko an kashe su. Aikinsu kawai su hana a yi gaggawa. Ba sa kula mahayin leƙen asiri, amma ma'aikaci ɗaya tilo da ya haura zai kafa rumfar haƙar ma'adinai zai iya samun biyu ko uku sun rufar masa. Shi ya sa ake fara saya wa ma'aikata fasahar saƙa (Loom) da ke ƙara musu juriya, a cibiyar gari, wadda kuɗinta zinariya 50 ne, sannan a sa sojoji su share hanya kafin a tura su.

Dabarun yaƙi

Babbar tambaya a Gold Rush ita ce yaushe za a hau tudun. Wanda ya hau da wuri ya raba ƙarfinsa biyu tun bai yi ƙwari ba, ma'aikatansa suna nesa da gida, 'yan dawaki kaɗan sun isa su tarwatsa su. Wanda ya yi nawa kuma zai iso ya tarar da kagara ta riga ta tsaya. Tsakanin waɗannan biyun ake cin wasan ko a faɗi.

Hanyar da aka fi bi ita ce a riƙe fili da sojoji a zamani na biyu, a sa wasu ma'aikata su haƙi dutse, da an shiga zamani na uku a kai dutse 650 a kafa kagara a ƙololuwa. Ginin yana ɗaukar lokaci, kuma a nan ne faɗan ya fi zafi. Ma'aikata goma ko fiye suna kewaye da harsashin ginin suna bugu, maharban abokin gaba suna ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, mai ginin yana kallon aikin ya kai kashi 80, ya kai 90, yana auna ko ya janye mutanensa ko ya jure. Idan aka kashe magina, harsashin ya zama kufai, dutsen ya maƙale a ciki. Idan kuwa ginin ya kammalu, sai ma'aikatan su shige ciki, kibau su fara zubowa daga sama, mai kai hari ya ja da baya dole. Wasu sukan bi da cibiyar gari ta biyu a gefen zinariyar, a kan itace 275 da dutse 100, domin ta zama wurin sauke kaya da mafaka a lokaci guda.

Rasa tudun ba shi ne ƙarshen wasa ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sukan yi ta aika sojoji su hau gangare a ƙarƙashin kagara, ana yi musu ɗauki ɗai-ɗai. Abin da ya fi shi ne a bar tudun a zagaya. Mai riƙe da tsakiya ya zuba dutsensa da sojojinsa a can, sau da yawa gonakinsa a buɗe suke, zinariya kuwa ba ta haifar da barde idan babu abinci 60 da za a haɗa mata. Hanya ta biyu ita ce a tattala zinariyar gida a riga shi shiga Zamanin Daula. Babbar majaujawa tana jifa daga nisan taki 16, kagara kuwa da taki 8 take farawa, don haka ana iya rusa ta daga inda kibanta ba sa kaiwa. Amma dama ce mai ƙurarren lokaci. Idan mai tudu ya fito da nasa majaujawun, dokar tudu tana bayansa.

Wanda zinariya ta yanke masa gaba ɗaya sai ya koma ga sojojin da ba sa buƙatarta: masu dogon mashi, masu jifa da mashi, da dawaki marasa nauyin sulke. Zai iya sayar da abinci da itace a kasuwa, sai dai farashi yana faɗuwa da kowane ciniki, daga 70 a kan kaya 100 har ya gangaro ƙasa da 20. Kayan tsarki da masu ibada ke ɗaukowa su ajiye a ɗakin ibada suna kawo zinariya kaɗan-kaɗan ba yankewa. A wasan ƙungiya kuwa darajar tudun tana raguwa sosai, domin amalanken fatauci tsakanin kasuwannin abokai suna samar da zinariyar da ba ta ƙarewa.

Al'ummomin da taswirar ta karɓa

Ma'aikatan Magyar suna kashe kyarkeci da bugu ɗaya, wanda hakan ke ba su damar hawa da wuri. Kagarar Faransawa ta fi ta yawancin al'ummomi arha. Turkawa suna haƙar zinariya da sauri, amma masu mashinsu ba sa samun cikakken ci gaba, don haka rasa tudun ya fi yi musu illa fiye da kowa. Rumawan Bizantiya akasin haka suke: sojojinsu masu mashi suna da rahusa, suna iya jure dogon yaƙi ba zinariya. Tatar, da suka shigo wasan a 2019, suna da ƙarin ɓarna daga tudu bisa abin da doka ta bai wa kowa, mutanen Jojiya kuma, da aka ƙaro a 2023, ba sa jin bugu sosai idan suna sama.

Taswirori masu kama da ita

Faɗaɗawar The Forgotten ta 2013 ta kawo taswirori biyu da suka juya wannan tsari. A Golden Pit zinariyar tana cikin kwari ne a tsakiya, saboda haka mai haƙa shi ne a ƙasa, mai kai masa hari a sama. A Acropolis kuwa kowa a kan tudunsa yake farawa, amma itacen da ke saman kaɗan ne, dole ma'aikata su sauko fili neman daji.