Ƙafewar Ruwa

Ƙafewa ita ce juyewar ruwa, ko wani abu mai ruwa-ruwa kamar fetur da turare, zuwa tururin da ido ba ya gani, ya bi iska ba tare da ya tafasa ba. A saman ruwan kawai take faruwa, kuma ba ta da lokaci: dare da rana, cikin zafi da cikin sanyi. Nan ta bambanta da tafasa, wadda kan tashi daga ko'ina cikin tukunya, kuma sai zafi ya kai digiri 100 na ma'aunin Salshiyos idan a gaɓar teku ne. A Sakkwato, mai tudun kusan mita 300, ruwa kan tafasa a wajen digiri 99.

Yadda take faruwa

Ruwa tarin ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, kowace ɗaya haɗin zarra biyu ta haidurojin da guda ta oksijin. Suna riƙe da juna, amma kullum cikin motsi da karo suke, kuma abin da ake kira zafin ruwa matsakaicin ƙarfin wannan motsi ne. Ba duka ke tafiya daidai ba: wasu a hankali, wasu da gudu. Idan mai gudu ta iso saman ruwa da ƙarfin da ya isa, sai ta ƙwace daga riƙon 'yan'uwanta ta tashi. Wasu daga cikin waɗanda suka tashi kan faɗo su koma. Shi ya sa in aka toshe kwalba, masu fita da masu dawowa kan zo daidai, ruwan ya daina raguwa.

Tun da masu ƙarfin ne ke tafiya, abin da aka bari kan yi sanyi. Zafin da suke kwashewa kuwa ba kaɗan ba ne. Kafin kilo ɗaya na ruwa ya zama tururi yana cin zafi kimanin kilojul (ma'aunin yawan zafin da abu ya sha) 2,260 a digiri 100, fiye da ninki biyar na abin da ake bukata a ɗora shi daga digiri 0 zuwa tafasa. Da wannan gumi ke sanyaya jiki, da shi kuma randa ke aiki: ruwa na tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, ya ƙafe a bayanta, ya tafi da zafin na ciki. Randar da aka shafe da fenti ta rasa wannan baiwa, komai kyanta. A kan wannan hikima ta maginan tukwane Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000.

Abin da ke hanzarta ta

A 1802 masanin Ingila John Dalton ya nuna cewa saurin ƙafewa ya dogara ga zafin ruwa, da yawan danshin da ke cikin iska, da kaɗawar iskar. Akwai kuma faɗin fili: ruwan faranti kan riga na kofi ƙafewa, shi ya sa mai kilishi ke yanka nama fale-fale kafin ya shanya.

Danshi ne mutane suka fi mantawa da shi. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, gari da sanyi amma wanki kan bushe nan da nan, leɓe da ƙafa su tsage, domin iskar da ke zuwa daga Sahara busasshiya ce ƙwarai. A Agusta kuwa, iska ta riga ta ƙoshi da danshi, riga kan wuni a igiya ba ta bushe ba, gumi ya kwanta a jiki ba ya sanyayawa.

A ƙasar Sakkwato

Ruwan saman da Sakkwato ke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, alhali abin da rana da iska za su iya ɗauka daga buɗaɗɗen ruwa ya haura milimita 2,000. A bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, tafkuna kan janye, kogin Rima ya rame, madatsar Goronyo ma ta yi asarar ruwa mai yawa ta sama, ba ta ƙofofinta ba. Manomin fadama ya san wannan a aikace: yana ban-ruwa da sassafe ko da yamma, yana rufe gindin shuka da ciyawa. Abin da ya kamata a ƙara kula da shi shi ne gishiri. Ruwa in ya ƙafe ba ya tafiya da abin da ya narke cikinsa, don haka gonar da ake shayarwa ba magudana kan yi farin ɓawo, amfani ya ragu. Wannan halin ne kuma mutanen Bilma a Nijar suka mai da sana'a, suna barin ruwan gishiri a ramuka rana ta shanye, su kwashi abin da ya saura.

Sauran abubuwa masu ruwa-ruwa sun bambanta gwargwadon ƙarfin riƙon ƙwayoyinsu. Man gyaɗa kusan ba ya ƙafewa. Sinadarin etanol, wanda ke cikin yawancin turaren feshi, yana tafasa a digiri 78, shi ya sa yake bushewa da wuri a fata. Fetur ya fi su haɗari: tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, kuma yana iya kama wuta daga murhun da ke nesa da jarkar.